Zauren Marubuta: Rayuwata ce, in rubuta ta?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duk magana ɗaya suke yi: me marubuci yake ɗauka daga rayuwarsa ya zuba a labari, me kuma ya kamata ya bari a cikinsa. Na zaɓi biyar. Ta farkon ta yi kwanaki a kan teburina ban taɓa ta ba, don ta fama mini wani tsohon miki.

Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Gombe:

"Mama, aurena ya mutu bara, bayan shekara shida da yara biyu. Tun ina cikin idda na fara rubuta abin da ya faru a wayata, yanzu ya yi yawa. Ƙawayena sun ce in mayar da shi littafi in riƙa saki a WhatsApp. Sunaye kawai na canja. Raina yana so, amma ina tsoron ɗaukar alhaki. Laifi ne in rubuta abin da aka yi mini, alhali gaskiya ne?"

'Yata, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya miki yaran nan, ya musanya miki da mafi alheri. Kafin in ce miki e ko a'a, bari ki ji abin da na yi wa goggona.

A unguwar Jahun na tashi, cikin garin Bauchi, a hannun ƙanwar mahaifina. Masa take yi ta sayarwa, wadda mutanen Kano ke kira waina. Tun da yamma za a kai jiƙaƙƙiyar shinkafa inji, ta haɗa ƙullu ta rufe, ya kwana ya tashi. Da an idar da sallar asuba ni ce mai hura wuta, ni ce mai goge tanda da tsumman mai. Ina da shekara goma sha ɗaya ranar da mijinta ya zo ya tsaya daga bakin rumfa, ko zama bai yi ba, ya ce mata an sa rana, zai ƙara aure bayan ƙaramar salla. Ta ce, "Allah ya sanya alheri." Ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da ɗiban ƙullu da ludayi tana zubawa gurbi bayan gurbi har tandar ta cika, sai ta zauna riƙe da cokalin juyi tana kallonta. Matar da ko hira take yi da maƙwabta hannunta ya san lokacin juyi, ranar nan sai da hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Masa goma sha biyu suka ƙone ƙurmus. Ta kankare su ta watsa wa kaji, ta sake zuba mai, ta ce in ƙara itace.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, na zauna rubuta littafina na farko. Na ɗauko rayuwar Goggo ɗungurungum na juye a takarda, kuma a lokacin gani nake gata nake yi mata, haƙƙinta nake ƙwato mata. Yadda kika yi haka na yi: na canja suna, na canja unguwa, shi ke nan. Na bar masar, na bar sana'ar mijin, na bar yawan 'ya'yan, har tabon ƙunar da ke bayan hannunta na dama ban cire ba. Aka ɗauki littafin aka karanta a rediyo, a filin da matan gida ke saurare suna aikin hantsi. Mako bai zagayo ba masu zuwa sayen masa suka fara tsayawa suna yi mata kallon tausayi. Wata har ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ashe haka kika sha, baiwar Allah."

Ta aiko yaro ya kira ni. Na tafi da shirin shan faɗa a kan tonon asiri. Sai da ta zuba mini masa da miyar taushe, ta jira na ci, sannan ta ce: "'Yar nan, na ji littafinki. Abin da aka yi mini kin faɗa kaf, ba ki rage ba. To ina kika kai ranar da na kai shi asibiti Jos da kuɗin adashina? Ina kika kai dariyata? Amaryar da kika mayar mayya, ba ita ta yi jinyata wata uku ba da na karye? Kin mayar da ni abar tausayi a garin da nake cin abinci da mutuncina."

Na rasa bakin magana. Duk abin da ta lissafa na sani, a gabana aka yi. Na zubar da su ne don ba za su taimaki ƙarar da na shigar ba. Mai rubutu da zafin rai kamar mai ba da shaida ne a gaban alƙali: yana tuna abin da zai ƙarfafa ɓangarensa, sauran ya bar shi a gida. Shi ya sa ɓarnar ta zama biyu. Na cuci Goggo, littafin ma na cuce shi, don mutanen cikinsa ba sa numfashi. Mijin mugu ne daga bangon farko zuwa na ƙarshe, ita kuma banda hawaye ba ta da komai, alhali matar da na sani ko a ranar nan ba ta zubar da hawaye a gabana ba.

Shekaru bayan haka na sake komawa ga wannan safiyar, amma ta wata hanya. A wani labari na ƙirƙiri tela, namiji, a wani gari daban. Ranar da aka zo shago aka gaya masa an ba da yarinyar da yake nema ga wani, sai na sa ya ce "Allah ya sanya alheri," ya ci gaba da taka keke, yana tura yadi, allura tana hawa tana sauka, alhali zaren ya daɗe da ƙarewa. Ba wanda ya ga Goggo a wurin. Amma duk cikin abin da na taɓa rubutawa, babu shafin da masu karatu suka fi yi mini maganarsa kamar wannan. Shirun nan da hannun da ya ci gaba da aiki bayan zuciya ta tsaya, su ne rabona daga wannan rana, don idona ne ya gani, ƙirjina ne ya ɗauka. Sunan Goggo da aurenta da tabon hannunta kuwa nata ne, ban da hurumi a kansu.

Maganar alhaki kuma, ki lura da kyau, don kin ce "alhali gaskiya ne." A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya bayyana giba da cewa ambaton ɗan'uwanka ne da abin da ba ya so, da aka tambaye shi idan abin yana tare da mutumin fa, sai ya nuna ai wannan ɗin ita ce gibar, idan kuma babu shi to ƙage ne. Kin ga ke nan kasancewar abu gaskiya bai isa ya wanke mai yaɗa shi ba. Wanda aka zalunta yana da inda zai kai kuka, akwai iyaye, akwai alƙali, amma dandalin mutum ɗari biyu da ke jiran shafi na gaba ba ya cikin wuraren. Sannan ga yaranki. Mutumin nan ubansu ne har abada, kuma abin da ya shiga waya ya fita daga hannunki, magana zarar bunu ce. Wata rana 'yarki za ta kai shekara goma sha biyar, wata ƙawarta ta turo mata.

Kada ki ji kamar cewa nake ki yi shiru. Wallahi ba na son matanmu su yi shiru. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu. A 1990, fiye da shekara goma sha biyar bayan nan, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka raba da karatu aka aurar, daga baya ta tashi ta nemi ilimi. Ciwon nata ne, amma kafin ya kai takarda ya riga ya zama maganar dubban 'yan mata. Mariama Ba ta ƙasar Senegal malamar makaranta ce, ita ma aurenta rabuwa ya yi. Littafinta da ya fito da Faransanci a 1979 doguwar wasiƙa ce daga bakin wata malamar makaranta, sai dai ita wannan takaba take yi, mijinta ya rasu bayan ya auro ƙawar 'yarsu ya juya mata baya. Kin ga ta ɗauki abin da ta sani ta ɗora shi a kan wata rayuwa da ba tata ba.

Ga abin da zan ce ki yi. Abin da kika rubuta cikin idda ki adana shi, kada ki goge ko layi ɗaya. Magani ne kika sha, kuma a cikinsa akwai ƙananan abubuwan da nan gaba za ki manta: abin da kika dafa ranar da takardar ta zo, wanda ya fara yi miki sallama a gidanku, inda kika ajiye akwatinki. Amma kada ki sake shi. Ki ba shi lokaci, sannan ki gwada kanki da abu ɗaya: ki rubuta shafi guda daga bakin tsohon mijinki, yana ba amininsa labarin auren nan yadda shi yake ganinsa, ba tare da kin mayar da shi shaiɗan ko wawa ba. Ranar da kika iya rubuta shafin nan hannunki bai yi rawa ba, to kin isa fara littafin. A lokacin sai ki canja abubuwa masu nauyi: garin, sana'ar, yawan yaran, dalilin rabuwar. Ki haɗo rayuwar mata uku ko huɗu ki dama su wuri guda, har ya zama ko uwar mijin ta karanta ba za ta iya nuna kowa da yatsa ba.

Goggo ta yafe mini, Allah ya jiƙanta. Amma har ta bar duniya, in na shigo gidan tana hira da mata, sai in ji an sauya magana.

Daga wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi:

"Hajiya, ina son rubutu ƙwarai, amma ana cewa mutum ya rubuta abin da ya sani. Ni shekarata ashirin da biyu, ban taɓa wuce Jos ba, ban yi aure ba, ba wani abu da ya taɓa faruwa da ni. Me zan rubuta?"

Ɗana, ka san kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wataƙila ma ka sha wucewa ta gabansa a Keke Napep. An haife shi a 1912. Ya gama Kwalejin Katsina a 1933 ya dawo koyarwa a Midil ta Bauchi, kuma a shekarar ce Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littafinsa Shaihu Umar yana cikin waɗanda gasar ta haifar, aka buga shi a 1934. Lissafa ka gani: sa'anka ne a lokacin. Labarin yaro ne da aka sace, aka ratsa hamada da shi zuwa ƙasar Larabawa, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Shi marubucin ba a taɓa sace shi ba, ba a sayar da shi ba. Amma ya tashi a zamanin da tsofaffin da suka ga farautar bayi da idonsu suke raye, suna zaune a zaure suna magana. Sannan dubi inda ya zaunar da labarin: wani malami ne a Rauta, nan kusa da Bauchi, almajiransa sun kewaye shi suna tambayarsa asalinsa. Zaman malami da ɗalibai kuwa ai shi ne aikinsa na kullum. Da abin da ya sani ya gina zauren, da abin da kunnensa ya ji ya cika shi.

Kunne ma rayuwa ce, ɗana. Kana da kaka? Je ka zauna, ka bar wayar a aljihu, ka tambaye ta yadda aka kai ta ɗakin miji, da abin da aka ci a shekarar fari. Idan kana da abokai 'yan wajen Bajoga, ka bi su gida hutu ka tambayi dattawa abin da kakanninsu suka bar musu na yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a 1903. Ka je kasuwar Muda Lawal da sassafe lokacin da ake sauke kaya, ka ji yadda dillali yake magana da mai kaya, da yadda muryarsa take sauyawa in ya juyo wajen mai saye. Ka shiga Wunti ka tsaya kusa da masu gwanjo. Ba wanda zai koya maka wannan Hausar a aji.

Batun tafiya kuma kada ya dame ka. Najib Mahfuz na Masar an haife shi a 1911 a tsohuwar unguwar Jamaliyya cikin Alƙahira, kuma lungunan birnin nan ya yi ta rubutawa har tsufansa. Da aka ba shi kyautar Nobel a 1988 ko zuwa karɓa bai yi ba, 'ya'yansa mata ne suka je. Duniya ce ta biyo shi har lungunsu.

Kuma ban yarda ba abin da ya taɓa faruwa da kai ba. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Idan kai bai same ka ba, ya sami yayanka ko maƙwabcinka. Saurayi yana zaune a gida wata takwas, ƙannensa suna fita makaranta da safe su bar shi, mahaifinsa ya dawo da yamma su haɗa ido kowa ya kawar da kai: wa ya rubuta mana wannan? Ka taɓa ganin mahaifinka yana ƙirga kuɗin rajistarka, ya kai ƙarshe, ya sake farawa daga farko ko Allah zai sa su ƙaru? In ka taɓa gani, kana da babi na ɗaya.

Abin da yake damuna da rubutun yaranmu na yanzu ke nan, kuma da gaske yana damuna. Ana turo mini labarai, goma sai ka sami bakwai a Abuja ko Dubai suke, jarumin matashin attajiri ne mai kamfanoni, gidan kuwa marubucin bai taɓa shiga irinsa ba, don haka komai na ciki "na alfarma" ne, ba a iya faɗin launinsa ko ƙanshinsa. A bar ɗakin da aka sani, mai yoyo ta kusurwar gabas, a tafi aron wanda aka gani a fim. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan sanin ne mai karatu yake nema a wurinka. Ka rubuto mini shafi biyu a kan ɗakin da kake kwana da waɗanda kuke kwana tare, zan karanta.

Daga wani magidanci, Azare:

"Matata tana rubuta labarai, kuma ban hana ta ba. Amma a na kwanan nan akwai wani miji marowaci, mai faɗa, kuma yana shan shayi ba madara kamar yadda nake sha. Abokaina sun fara zolayata a majalisa. Anya ba ni take nufi ba?"

Malam, da farko Allah ya saka maka da alheri da ka bar ta tana rubutu. Ba kowa ke yi ba.

Neman marubuci ko danginsa a cikin labari tsohuwar ɗabi'ar masu karatu ce. Abubakar Imam ya sa wa jarumin Ruwan Bagaja suna Alhaji Imam, amma ba mai cewa shi ne ya shiga ƙasar aljannu neman ruwa. Charles Dickens na Ingila an ɗaure mahaifinsa a 1824 saboda bashi, shi kuma yana da shekara 12 aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi, yana liƙa takarda a jikin kwalabe. Ya ɓoye wannan a ransa shekara da shekaru. Da ya rubuta David Copperfield, wanda ya kammala fita a 1850, ya ba yaron cikin littafin wahalar masana'antar, halin mahaifinsa na cin bashi da dogon buri kuma ya ba wani mutum daban wanda ba uban yaron ba ne, ya kuma yi shi abin so. Haka sana'ar take. A ɗauki tafiyar wannan, muryar wancan, rowar wani kawu da ya daɗe da rasuwa, a ɗinke su su zama mutum guda.

Ni ma na taɓa shiga irin wannan da marigayi maigidana. Yana da ɗabi'ar buga hularsa a gwiwa sau biyu kafin ya sa. Na ɗauki wannan na ba wani dillalin filaye maci amana a wani labari, don ina neman abin da zai sa mutumin ya tsaya da ƙafarsa a idon mai karatu, kuma hannun da na fi sani a duniya shi ne na Malam. Ya karanta, ya yi kwana biyu ba walwala, sannan wani dare bayan isha'i ya ce, "Hajiya, wai ni ne mutumin nan?" Na yi masa bayani, na ba shi haƙuri, don ya kamata in tambaye shi tun farko. Daga ranar duk abin da na rubuta sai na karanta masa kafin ya fita, kuma sau da yawa shi yake gyara mini maganar maza a majalisa, wadda ni ba na zama.

Saboda haka mai yiwuwa shayin kawai ta ara. Amma ba zan rufe ka ba: wani lokaci mace takan rubuta abin da bakinta ya kasa faɗa. Kada ka kai maganar majalisa, kada kuma ka yanke hukunci kai kaɗai. Ka same ta a ɗaki cikin raha ka tambaye ta. In ta ce shayin ne kawai, ka yarda da ita, ka roƙe ta ta riƙa sauya irin waɗannan alamomin saboda bakin mutane, haƙƙinka ne. In kuma ta yi shiru ta sunkuyar da kai, to ka gyara zama ka saurara, ka gode wa Allah da saƙon ya iso ka tun kuna ɗaki ɗaya.

Daga wata malamar Islamiyya, Kumo:

"Adda, ƙagaggen labari ba ƙarya ba ne? Ina sha'awar rubutu amma wannan yana hana ni."

Ƙanwata, yadda na fahimta, ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba. Kakarki in ta ce "ga ta nan, ga ta nanku," kun amsa "ta zo mu ji ta," kowa a tabarmar ya san Gizo bai taɓa zuwa fadar sarki ba, ba a yaudari kowa ba. Kalmar "ƙagaggen labari" a bangon littafi aikin da take yi ke nan. Inda nake jin tsoro wuri biyu ne. Na ɗaya, mai ƙirƙirar labari ya rubuta a samansa "wannan labarin gaskiya ne, ya faru a gari kaza" don ya ja masu saye. Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta, kuma ta yi yawa yanzu. Na biyu, mai ɗauko sirrin maƙwabciya ya laƙaba masa "ƙagagge" don ya sami mafaka. Ki tsare kanki daga waɗannan biyun, ki kuma kula da abin da labarin yake shukawa a zuciyar ɗalibanki in ya faɗa hannunsu, don zai faɗa.

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Misau:

"Mama, ina ganin abubuwa da yawa a wurin aiki da nake jin za su yi labari, amma kafin in zauna sun gudu. Yaya kike riƙe naki?"

'Yata, sirrin majinyaci amana ce a wuyanki, wannan kin fi ni sani, don haka cutar wane da sunan wane su tsaya a asibiti. Abin da za ki fita da shi ƙanana ne. Ni ƙaramin littafin rubutu nake yawo da shi a jaka, irin na 'yan firamare. Ba na sa suna, ba na sa kwanan wata, ba na rubuta "ya yi baƙin ciki" ko "ta ji tsoro." Abin da hannu ya yi nake rubutawa, da abin da baki ya faɗa daidai yadda ya fito. Kuma a ranar nake rubutawa, don in ya kwana sai hankali ya fara yi masa kwalliya.

Ga na makon jiya. Na raka baƙuwa tasha za ta hau motar Gombe. Wani dattijo ya kawo 'yarsa, da alama makaranta za ta koma, da akwatin ƙarfe da buhun garin kwaki. Yaran mota suka ɗaure kayan a baya. Ya biya kuɗin, ya leƙa ta taga ya ce mata, "Ki riƙe salla." Sai ya zagaya bayan motar ya ja igiyar da aka ɗaure akwatin, ya ga ta yi tamau. Ya dawo ya tsaya. Can ya sake zagayawa ya sake jan igiyar. Ɗan kamasho ya ce, "Baba, ai mun ɗaure." Ya ce, "Na gani." Da motar ta tashi ya bi ta taku uku, sannan ya tsaya yana kallon tafin hannunsa inda igiyar ta yi masa shaida.

Layi huɗu na rubuta, a tsaye, jikin wata motar. Akwai wani uba a labarin da nake kai yanzu da ya yi wata biyu ya ƙi motsi a hannuna, kullum sai dai ya buɗe baki ya yi nasiha. Daren nan na cire masa nasihar na ba shi igiyar.